Kowace Kwamfuta Da Mudunta

Yau zan ɗan kauce daga maganar jigo da salo da gina taurari, in taɓo wani abu da yawancinmu muke ganin ba ruwan marubuci da shi, wato abin da ke samun aikinmu bayan ya bar na'urar da muka rubuta shi a kanta. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya rubuta abu don wani ya karanta, ƙagaggen labari ne ko rahoton kuɗi, da sauran aiki a gabansa matuƙar bai ga yadda abin ya fito a hannun mai karatu ba. Wannan darasi a gaban dattawan ƙauyenmu na koye shi, ina sharce gumi, ranar da wani zanen alƙaluma ya kusa zubar da mutuncin wani bawan Allah.

Ni mutumin ƙasar Ɗambatta ne, arewa da birnin Kano, inda gona ke manne da gona. A wajenmu ba a barin saura. Gonar da kaka ya noma ita jika ke nomawa duk shekara, shi ya sa maganar taki ta zama maganar rai. Muna da ƙungiyar manoma ta taimakon kai da kai. Da faɗuwar damina ƙungiya takan sayo takin zamani a dunƙule ta raba wa membobi bashi, idan kaka ta yi kowa ya biya. Ma'ajinmu dattijo ne, abokin mahaifina, da biro da littafi yake aikinsa. Ni kuma da yake na ɗan taɓa kwamfuta, sai aka ɗora mini sakatare. Duk abin da ya rubuta a littafi nakan kwashe in zuba a rumbun bayanai da na tsara a 'yar laftof ɗina: suna, unguwa, ranar biya, da adadin kuɗi.

Da taron ƙarshen shekara ya matso, na haɗa rahoto har da zane, irin mai ginshiƙai ɗin nan, kowane wata da ginshiƙinsa. A kwamfutata abin gwanin sha'awa. Ginshiƙai uku dogaye a Oktoba da Nuwamba da Disamba, lokacin da aka kai gyaɗa da wake da dawa kasuwa, sauran watanni babu komai. Ba ni da firinta, sai na zuba fayil biyu a filash, jerin biyan kuɗi da rahoton da ke ɗiban alƙaluma daga jerin, na kai wani shagon buga takardu a cikin gari. Yaron shagon ya buɗe a kwamfutarsu ya buga, na naɗe takardu na hau babur. Ban duba ba. Me zan duba, abin da na kwana uku ina kallo?

A wajen taro na raba takardu. Can sai na ji guna-guni. Da na kalli tawa, sai na ga ginshiƙai goma sha biyu gajeru-gajeru tun daga Janairu har Disamba, jimillar da ke ƙasa kuma ba ta kai rabin abin da ke littafin ma'aji ba. Wani matashi ya miƙe ya ce, "To ina sauran kuɗin suka shiga?" Ido ya koma kan ma'aji. Shi kuwa ni ya kalla, ya ce, "Ɗana, me takardar nan taka take cewa a kaina?" Wallahi har yau idan na tuna muryarsa sai jikina ya yi sanyi.

Wanda ya cece mu wani tsoho ne da bai yi boko ba. Ya ce a karanta masa abin da zanen ya nuna. Da aka zo kan cewa mutane sun biya bashi a watan Afrilu da Mayu, wato tsakiyar bazara, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, wa ka taɓa gani ya biya bashin taki lokacin da ake neman iri? A lokacin ai ko ɓera ya yi ƙaura daga rumbu. Takardarku ce ba ta da lafiya, ku je ku duba ta." Aka ɗage taro. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Washegari na koma shagon da laftof ɗina, muka jera ta da tasu. Fayil ɗaya, filash ɗaya, zane biyu. Sai da muka bi jerin layi-layi sannan muka gano bakin zaren. Mu a Najeriya rana muke fara rubutawa sannan wata, kamar yadda ake yi a Ingila: 5/11 na nufin biyar ga Nuwamba. A Amurka wata ake fara rubutawa, don haka 5/11 a wajensu sha ɗaya ga Mayu ne. Kwamfutar shagon ta hannu ce da aka shigo da ita daga waje, saitinta na ƙasa yana nan a kan Amurka, ba wanda ya taɓa canza shi. Duk wanda ya biya tsakanin ɗaya da sha biyu ga wata, sai ta juya ranarsa ta zama wata, shi ne biyan ya watsu cikin shekara. Wanda kuma ya biya daga sha uku ga wata zuwa sama, ta duba ta ga babu wata na sha uku ko na ashirin da biyar, sai ta ɗauki ranar a matsayin rubutu kawai, zanen ya tsallake shi. A wata mai kwana 30, kwana 18 ke nan suka zube. Ga inda kuɗin ma'aji suka shiga.

Laifin ba na yaron shago ba ne, ba kuma na kwamfutarsu ba. Nawa ne, ta fuska biyu. Na fitar da ranaku a matsayin rubutu zalla, wanda kowace na'ura za ta fassara da fahimtarta, sannan na raba wa jama'a takardar da ban karanta ba.

Abin da ban gane ba a lokacin, kuma nake so mu gane yau, shi ne zanen da ke cikin rahoto ba hoto ba ne da aka manna. Umarni ne aka bar wa kwamfuta: ɗebo alƙaluma daga wuri kaza, ki tara su wata-wata, ki zana. Duk kwamfutar da ta buɗe fayil ɗin sabon zane take yi, da kayan aikinta da saitinta. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a ƙauye ya kai Dawanau ya san kwanon awo yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, buhu ɗaya ya ba ka lissafi biyu. Haka kwamfutoci suke, kowace da mudunta. Wanda bai tambayi mudun da za a auna kayansa da shi ba, kada ya yi mamaki in lissafi ya saɓa.

Kwanan wata ɗaya ne kawai daga cikin mudayen. Akwai na lambobi. Mu da waƙafi muke raba dubbai, mu sa ɗigo kafin ɓurɓushin lamba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake tsarin Faransa suke bi, waƙafi ne yake tsayawa a inda muke sa ɗigo. Saboda haka 1,500 da aka rubuta a Kano da nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, kwamfutar da aka saita da Faransanci tana iya karanta shi ɗaya da rabi. Ɗan kasuwar da ke aika lissafi tsakanin Kano da Maraɗi ya kamata ya san da wannan.

Akwai na takarda da firinta. Takardar da muke saya a nan A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Wadda ake amfani da ita a Amurka ta ɗan fi faɗi amma ta fi gajarta, milimita 216 da 279. Manhajar rumbun bayanai irin su Access takan duba firintar da aka saita a kwamfuta kafin ta shimfiɗa rahoto a shafi. In firinta ta canza ko girman takarda ya canza, sai ka ga zane ya yanke a gefe, ko ya tsallaka shafi na gaba ya bar kansa a baya.

Akwai na zubin manhaja. Tsofaffin zubin Access da wata 'yar manhaja ta daban suke zane, ana kiran ta Microsoft Graph. In ba a girka ta daidai a kwamfuta ba, wurin zanen sai ya fito fari fat, wani lokaci ma ya nuna alƙaluman gwaji da suka zo da manhajar, waɗanda ba su da alaƙa da aikinka. Zubin 2019 kuma ya zo da sabon nau'in zane wanda tsofaffin zubi ba su san shi ba. Ka tsara da sabo, mai tsoho ya buɗe bai ga komai ba. Haka abin yake in ka tsara a Excel wani ya buɗe da WPS a waya: launi ya canza, sunayen ginshiƙai su hau kan juna.

Akwai na launi. Ja da kore a fuskar kwamfuta sun sha bamban, amma firintar baƙi da fari, wadda ita ce a mafi yawan shagunanmu, tana iya fitar da su toka-toka iri ɗaya. Mai karatu ya rasa wanne ne bashin da aka biya, wanne ne ya rage. Sannan akwai ma'aunin gefen zane. In ka bar wa kwamfuta ta zaɓa da kanta, tana iya farawa daga sama da sifili, ɗan bambanci kaɗan ya zama kamar tsauni da rami.

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan ƙauye ce masu tsohuwar na'ura. A watan Oktoba na 2020, hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 da suka kamu bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda an zuba bayanan a tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Abin da ya haura ya zube ba tare da wata ƙara ba. Masana ƙwayoyin gado kuma sun daɗe suna fama da yadda manhajar lissafi ke mayar da sunayen wasu ƙwayoyi, irin su SEPT2 da MARCH1, zuwa kwanan wata, har a shekarar 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya canza wa wasu suna don a huta. In masu digiri da manyan na'urori sun faɗa wannan rami, ni da kai ba mu fi ƙarfinsa ba.

Na san wani zai ce, to malam, mu marubutan labari ne, ina ruwanmu da ginshiƙi da rumbun bayanai? Ruwanmu ne dumu-dumu, don ciwon ɗaya ne, kuma mu masu rubutu da Hausa ya fi kamawa. Zanenmu shi ne haruffan nan masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda mu muke rubuta 'y.

Waɗannan haruffa sun sha gwagwarmaya da na'ura tun fil azal. Kafin a tsayar da lanƙwasa, masu rubuta Hausa da boko sun gwada sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka gwada 'yar alama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar aikin fassara da talifi a Zariya, masu lanƙwasa suka samu gindin zama, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta ƙara yaɗa su. Zamanin tafireta, da biro ake bi ana ƙara lanƙwasar bayan an gama bugu. Da kwamfuta ta zo, aka sake komawa gidan jiya, don madannanta ba su san da mu ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da samfurin haruffa biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka share wa marubuta da ɗalibai da maɗaba'u hawaye shekara da shekaru. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu madannai da Hausa ba ta buƙata, a zana haruffanmu a kansu. A wancan lokaci babu hanyar da ta fi wannan.

Sai dai aro aro ne. Kwamfutar da ba a girka mata samfurin ba, ainihin abin da ke ƙarƙashi take nunawa. Shi ya sa har gobe za ka buɗe kundin wani ɗalibi ko wata maƙala a intanet ka ga an rubuta qasa da xaki da varawo, ko ka ga baka-baka da wasu alamomi a tsakiyar kalma. Marubucin bai yi kuskure ba, a kwamfutarsa ƙasa da ɗaki da ɓarawo yake gani. Mudu ne ya canza, daidai da abin da ya same ni a shagon buga takardu.

Yau muna da mafita. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kusan kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, namu ma suna ciki, manya da ƙanana, har da alamar naira. Harafin da aka rubuta da lambarsa ta gaskiya yana nan a matsayinsa duk inda ya je. Iyakaci in samfurin haruffan da ke na'urar mai karatu bai da zanensa, ya fito kamar ɗan akwati, ko ya fito da wata siffa da ta bambanta da 'yan uwansa. Wannan ma yana da magani, don akwai samfura na kyauta irin su Noto da Charis SIL da Gentium da suke ɗauke da haruffanmu cif. Wayoyin Android suna da madannan Hausa a Gboard, Windows ma tana da nata. A nan zan ja kunnen masu ƙawata rubutu a Facebook da haruffan nan masu kauri ko masu kwanciya da ake kwafowa daga wasu shafuka. Waɗannan ba su da ɓ da ɗ da ƙ, shi ya sa kalma take fitowa rabi da ado rabi babu, a wasu tsofaffin wayoyi kuma akwatuna kawai ake gani. Ka yi kwalliya, mai karatu ya ga kwandon shara.

Akwai masu cewa a huta da lanƙwasar gaba ɗaya, ai Bahaushe zai gane daga zubin magana. Gaskiya ne sau da yawa yakan gane, kuma ban ga laifin mai aika saƙon gaggawa a waya ba. Amma marubuci ba saƙon gaggawa yake aikawa ba. Tsakanin kafa da ƙafa, baki da baƙi, bata da ɓata, kashi da ƙashi, akwai tazarar da ba a so mai karatu ya tsaya yana canka. Duk daƙiƙar da ya ɓata yana tunanin wacce kake nufi, ya fita daga labarinka. Ga yara masu koyon karatu, ga waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ce. Kuma kwamfuta ba ta canka ko kaɗan. A rumbun bayananmu na tarar na rubuta sunan garinmu iri uku, Ɗambatta da Dambatta da Danbatta, ita kuwa garuruwa uku ta ɗauke su, kowanne da ginshiƙinsa. Haka za ta yi da Makoɗa da Makoda, ko Bici da Bichi. Marubucin da ya kira tauraruwarsa da rubutu iri biyu a babi na ɗaya da na tara, ranar da ya zo neman sunan don gyara, rabi zai samu.

Wasu kuma sukan ce wannan aikin maɗaba'a ne, marubuci nasa rubutu. Da can haka ne, lokacin da akwai edita da mai jera haruffa da mai duba gyara. Yau mu ne komai. A waya muke rubutawa, mu tura ta WhatsApp, mu ɗora a Facebook ko Wattpad, in Allah Ya hore mu kai shago a buga. Babu kowa tsakaninmu da mai karatu. In sunanka ne a bango, kai za a tuhuma. Haka ɗalibin Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici, in zanen da ke babi na huɗu na kundinsa ya fito a karkace, malamin da ke dubawa ba zai nemi yaron shago ba.

To me ya kamata mu yi idan aiki ya fito daban a wata na'ura? Ga abin da wahala ta koya mini.

Da farko, a riƙe harshe. Kafin a ce wane ya ci kuɗi, ko mai shago ya lalata aiki, ko bairos ne, a jera na'urorin biyu a buɗe fayil ɗaya. Zato zunubi ne, kuma a ƙauye kalma ɗaya a bainar jama'a tana iya bin mutum har kabari.

Na biyu, a fara da alƙaluma kafin zane. Layi nawa ne a nan, nawa ne a can? Jimilla nawa ce a nan, nawa ce a can? In jimilla ta zo ɗaya, matsalar ta kwalliya ce, a duba firinta da takarda da samfurin haruffa. In ta saɓa, to na'urar ba ta karanta bayanan yadda ka rubuta su ba, a duba saitin ƙasa, wato tsarin kwanan wata da na lambobi. A rubutun zube ma haka ne: ka nemi wata kalma mai lanƙwasa da ka san tana ciki, ka ga ko za ta fito.

Na uku, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Mu a shagon nan saitin ƙasa kaɗai muka mayar Najeriya, muka rufe fayil muka sake buɗewa, sai ga ginshiƙaina uku sun dawo. Da mun haɗa da sauya firinta da sake girka manhaja, da ko an warke ba mu san maganin da ya yi aiki ba, gobe ciwon ya dawo mu rasa ta inda za mu kama.

Na huɗu, a toshe ƙofar fassara biyu tun daga tushe. A rumbun bayanai, gurbin kwanan wata a saita shi a matsayin kwanan wata, don kwamfuta ta adana shi da ƙidayar kwanaki, wadda ba ta canzawa ko an ƙetare teku. In dole ne a fitar da shi a rubuce, a bi tsarin duniya na shekara, wata, rana, kamar 2023-11-05. A takardar da mutane za su karanta kuwa, a rubuta sunan watan da baƙaƙe: 5 ga Nuwamba. Sunayen garuruwa da na mutane a tsayar da rubutu ɗaya a bi shi har ƙarshe.

Na biyar, abin da aka gama a daskarar da shi. Ka mayar da rahotonka ko littafinka PDF a kan na'urarka, inda ka ga komai daidai, ka tabbatar samfurin haruffa ya shiga cikin fayil ɗin, sannan ka kai shago ko ka tura. PDF ba ya sake lissafi, abin da ka gani shi zai tafi da shi. Ainihin fayil ɗin da ake gyarawa kuma ya zauna a wajenka, da kwafi a wani wuri.

Na shida, kada zane ya fita shi kaɗai. A sa adadi a kan kowane ginshiƙi, a sa jimilla a ƙasa, ma'auni ya fara daga sifili, a kuma buga gwaji da baƙi da fari a gani ko za a iya bambance ginshiƙan ba tare da launi ba.

Na bakwai, wanda ya fi duka sauƙi kuma muka fi sakaci da shi: ka duba da idon wani. Tura babi ɗaya zuwa ƙaramar wayar ƙanwarka ka gani. Karanta takardar da aka bugo tun kana tsaye a shagon. Sannan ka karanta wa wanda ya san abin da kake magana a kai, ko da bai san boko ba. Tsohon nan bai san saitin ƙasa ba, amma ya san lokacin da rumbu ke cika da lokacin da yake zama fanko, kuma da wannan sani ya kama kuskuren da ya wuce ni, ya wuce yaron shago, ya wuce duk masu karatun da ke wajen. Marubucin da ya sa manomi yana girbin dawa a watan Yuli, irin wannan tsoho yake buƙata kafin ya buga littafi.

A taro na gaba na je da sabuwar takarda, da laftof, da littafin ma'aji. Muka karanta suna bayan suna, kowa ya amsa abin da ya biya, jimilla ta zo daidai da littafi har kwabo. Na miƙe a gaban jama'a na ce, "Baba, kuskuren nawa ne, ka yafe mini." Ya ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ɗana. Amma littafina ba zan daina ba." Ban yi masa musu ba, kuma har yau da littafinsa nake gwada kwamfutata.

'Yan uwa, rubutu amana ce, kuma amana sai ta isa hannun mai ita yadda aka ba da ita ake cewa an sauke. Kafin mako mai zuwa, ina roƙon kowa ya ɗauki shafi ɗaya na abin da yake rubutawa, ya buɗe shi a wata waya ko kwamfuta da ba tasa ba, ya zo ya gaya mana abin da ya gani. Wanda kuma yake da tsohon rubutu da aka yi da Rabi'at ko Abdalla yana neman yadda zai mayar da shi sabon tsari, ya yi magana, akwai masu sani a cikinmu. Allah Ya yi mana jagora, Ya kare alƙalumanmu daga zubar da mutuncin bayinSa. Wassalam.